Dutsen Washi da Kayan Sassaƙar Ɗab'i: Bayani Daga Ƙasar Wudil

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta rubuce-rubucen da ake yi a kan sana'o'inmu na gargajiya zai lura da cewa tsarinsu kusan ɗaya ne. Za a kawo ma'anar sana'a, a kawo asalinta, a jera kayan aikinta, sannan a jera abubuwan da take samarwa. Idan sassaƙa ce, za a ce gatari da gizago da wuƙa. Idan wanzanci ne, aska da ƙaho da zabira. Idan kuma dukanci ne, wuƙa da basilla. Abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne dutsen da yake ajiye a gefen kowane ɗaya daga cikin waɗannan masu sana'a, wanda idan aka ɗauke shi aikin wuni guda ma ba zai kammalu ba. Wannan dutse shi ne dutsen washi.

Ni mutumin Achika ne, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil, kuma a nan na fara ganin washi a hannun masassaƙa da wanzamai da mahauta. Daga baya aikin gwamnati ya haɗa ni da wasu masassaƙan na daban, wato masu yanka hatimin ofis, da kuma malaman zane da ke koyar da sassaƙar da ake shafa wa tawada a buga a takarda. Abin da nake son bayyanawa a wannan maƙala shi ne, kyawun duk wani zane da aka sassaƙa domin bugawa yana farawa ne daga kan dutse, kuma ilimin da ake buƙata wajen wasa irin waɗannan ƙananan kayan aiki muna da shi a gida tun tuni, sai dai yana neman kuɓuce mana.

Kalmar Washi

Hausa ta bambanta hanyoyin samar da kaifi. Akwai koɗa, wato maƙeri ya sa bakin fartanya ko gatari a wuta ya daddake shi da guduma har ya yi fele-fele. Da wannan kalma kuma ake cewa an koɗa dutsen niƙa idan ya yi santsi aka sassare fuskarsa domin ya koma cin hatsi. Akwai fiƙa, wato a yi wa abu tsini, kamar yadda almajiri yake fiƙe alƙalaminsa. Sannan akwai wasawa, wato goga bakin ƙarfe a kan dutse har ɓangarorinsa biyu su haɗu a layi ɗaya siriri. Wannan na ƙarshe shi ne washi, kuma shi ne batunmu.

Yadda kalmar ta ratsa maganar yau da kullum ya isa ya nuna daɗewarta a cikinmu. Muna cewa wane yana wasa wuƙa idan yana shirin faɗa, muna cewa a wasa ƙwaƙwalwa, maroƙi yana wasa ubangidansa, yaro yana da kaifin basira, tsufa ya dakusar da gani. Mutumin da ba ya magana biyu kuwa mukan ce kaifi ɗaya ne. Mai karatu ya riƙe wannan ta ƙarshe, domin za mu sake haɗuwa da ita idan muka zo kan wuƙar sassaƙa.

Washi Ya Girmi Ƙira

Manoma a sassa da yawa na ƙasar Hausa sukan tsinci wani ɗan dutse mai santsi, mai baki kamar na gatari, wanda ake kira gatarin aradu, bisa zaton cewa tsawa ce take jefo shi. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar da cewa gatura ne na mutanen da, waɗanda suka yi ta gurza dutse a kan dutse har ya yi kaifi, tun kafin a san narka tama. Ke nan an yi washi kafin a yi maƙera. Da ƙarfe ya zo, sai ya tarar da dutsen yana jiran sa.

A ƙasar Kano an gano cewa ana narka tama a dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, kuma labarin baka ya danganta kafuwar garin da Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama. Gaya kuwa maƙwabciyarmu ce ta gabas. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacensa suka wadata, narka tama ta yi ta ja da baya har ta mutu, maƙera suka koma kan guntayen ƙarafan jirgi, daga baya kuma na mota. Philip Jaggar ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa kan maƙeran birnin Kano, wanda ya fito a 1994. Wannan sauyi ya shafi washi kai tsaye, domin ƙarfen sifirin ɗin mota ya fi na tama tauri da riƙe kaifi, ya kuma fi shi wuyar wasawa.

Sassaƙar da Ake Bugawa

Asalin dabarar mai sauƙi ce. A sami abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, a zana abin da ake so a kai, a sassaƙe duk wurin da ba a son ya fito, a shafa tawada a kan abin da ya rage a tsaye, a danna a takarda ko ƙyalle. Abin da aka bari shi ne zai fito baƙi, abin da aka ƙwaƙule kuma ya fito fari. Tilas ne kuma a sassaƙa zanen a juye, dama ta koma hagu, kamar yadda mutum yake ganin kansa a madubi.

A garinmu ban taso na ga ana sassaƙa katako domin a buga hoto ba. Littattafanmu da hannu aka riƙa kwafar su, har zuwa lokacin da maɗaba'u suka zo. Amma hatimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi masa zoben azurfa mai rubutu domin hatimce wasiƙun da ya aika wa sarakuna. A zamanin aikinmu kuwa, takarda ba ta zama takarda sai an buga mata hatimin roba, wanda a ofis muke kira sitam. Masu yanka shi sukan zauna da ɗan teburinsu kusa da gidan waya ko kotu ko sakatariya, da guntun roba da ɓallin reza da aka ɗaure a tsinke. Mutum zai zauna ya yanka sunan ma'aikata da na sashe, a kewaye, a juye, a fili da bai fi bakin kofin shayi ba, kuma kowane harafi ya karantu. Na sha tsayawa ina kallon su fiye da yadda aikin da ya kai ni ya buƙata. Kowannensu yana da ɗan dutse ko guntun samfefa mai laushi a aljihun tebur, bayan 'yan haruffa sai ya goga bakin rezarsa sau uku ko huɗu ya ci gaba. Yanzu na'ura mai aiki da kwamfuta ta karɓe mafi yawan wannan aiki.

Ƙwarya ma ta kusa da wannan fasaha ƙwarai. Mai zanen ƙwarya yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu idan da wuƙa yake aiki: ko dai ya kankare bayan zanen ya bar zanen a tsaye, ko kuma ya tsaga layuka ya cusa musu baƙin tukunya da mai ko alli domin su fito. Waɗannan su ne ainihin manyan hanyoyi biyu na ɗab'in hannu a duniya, wato buga abin da ya taso da kuma buga abin da ya nutse. Abin da ya rage kawai shi ne danna wa takarda. Mutanen Asante na ƙasar Gana, waɗanda fatakenmu na goro suka daɗe da sani, sun ɗauki wannan mataki. A garin Ntonso kusa da Kumasi ana yanka guntun ƙwarya mai kauri, a sassaƙa masa alama, a kafa masa 'yan tsinkaye a baya domin riƙo, a tsoma a baƙin rinin da aka dafa daga ɓawon itace, a yi ta bugawa a zane. Shi ne adinkira. Wani Bature mai suna Thomas Bowdich ya tafi da irin wannan zane daga Kumasi a 1817, yana nan a gidan tarihi na Biritaniya a Landan.

A can gabashin duniya kuwa aikin ya daɗe. Littafi mafi tsufa da aka buga da sassaƙaƙƙen katako wanda yake ɗauke da kwanan wata, a ƙasar Sin aka yi shi a shekarar 868. Mutanen Japan sun kai fasahar matuƙa da katakon ceri, kuma ba abin mamaki ba ne da ya kasance duwatsun washin da ake haƙowa a kewayen birnin Kyoto suna cikin waɗanda suka fi suna a duniya. A Nijeriya, Zariya ce ta zama cibiya. Sashen koyar da zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 shi ne ya yaye Solomon Wangboje da Bruce Onobrakpeya, waɗanda dukkansu suka yi fice a wannan fanni. Shi Onobrakpeya yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ta hannun malaman da aka horar a irin waɗannan wurare ne sassaƙar ɗab'i ta shigo kwalejojin horon malamai da makarantun sakandare. Galibi a kan linoliyam ake koyar da ita, wato wata irin shimfiɗar daɓe da aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, wadda ake haɗawa da mai da garin itace da garin farar ƙasa a kan algarara. Tana da taushin yanka, amma garin dutsen da yake cikinta yana cinye kaifi da wuri.

Dalilin da ya sa kaifi ya fi muhimmanci a wannan aiki fiye da sauran sassaƙa shi ne maimaici. Idan gizago ya ɗan dakushe, turmi zai fito da kaushi, a bi shi da kankara a gyara, magana ta ƙare a turmi ɗaya. Amma wuƙar da ta dakushe ba ta yanka jijiyar itace, yage ta take yi, sai gefen layi ya fito da zare-zare. Tawada kuma ba ta rufa asiri. Duk inda gefen ya yage za ta nuna, kuma za ta nuna a bugu na farko da na ɗari da na dubu. Bugu da ƙari, dakusasshen ƙarfe sai an danna shi da ƙarfi, abin da aka danna da ƙarfi kuwa shi ne yake suɓucewa, ya tsallake layi ya ɓata aikin mako guda, ko ya sauka a hannun hagu. Mafi yawan tabon da ke hannun masu koyon sassaƙa daga dakusasshiyar wuƙa suka same shi.

Dutsen Kansa

Ba kowane dutse ne yake washi ba. Dole ƙwayoyinsa su fi ƙarfe tauri, kuma su kasance ƙanana masu kai ɗaya. Masana ma'adinai suna da wani ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Farar ƙanƙarar dutse, wadda ita ce mafi yawan ƙwayar yashi, tana kan 7, wato ta ɗara ƙarfen wuƙa, shi ya sa take iya gurzar sa. Marmara ba ta yi, domin rugurgujewa take yi. Falalen dutse mai manyan ƙwayoyi yana cin ƙarfe, amma yakan bar wa baki zane mai zurfi, saboda haka ya dace da gatari da adda, bai dace da aska ba.

A Achika da ƙauyukan da ke kewaye, abin da na taso na gani shi ne kowane gida yana da dutsen da ake wasa wuƙar girki da lauje, sau da yawa ɓarin tsohon dutsen niƙa ne da aka jingine a gindin rumbu ko kusa da randa. Masu sana'a kuwa ba sa tsayawa a kan dutse ɗaya. Masassaƙi yana da babba mai kaushi wanda yake a kafe a inuwar da yake aiki, da kuma ƙarami mai laushi da yake tafiya da shi daji. Na wanzami ya fi kowanne laushi, ɗan siriri ne mai duhu, a zabira yake kwana, kuma ba a ba da aron sa. Irin wannan dutse gadon sa ake yi tare da asake.

Daga baya dutsen kanti ya shigo, mai fuska biyu, wanda ake samu a Kasuwar Kurmi da Sabon Gari da kuma kasuwar Wudil ranar Juma'a. Wannan haɗa shi ake yi a masana'anta. Irin ƙwayar da ake yin da yawansu da ita wani Ba'amurke ne mai suna Edward Acheson ya gano ta a 1891, kuma taurinta ya haura 9 a ma'aunin da aka ambata. Ana sa wa irin waɗannan duwatsu lamba: gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin dutse. Daga 200 zuwa 400 na gyaran baki ne idan ya yi giɓi. 1000 shi ne na washi na yau da kullum. Daga 4000 zuwa 8000 kuma na gogewa ne har baki ya yi ƙyalli. Matsalar ita ce na kasuwa mai araha yawanci ko fuskarsa mai laushi ba ta kai 1000 ba. Ya ishi mahauci, amma mai yanka layin da bai fi kaurin zare ba, a nan aikinsa yake farawa. A ganina dutsen wanzami na gado ya fi dacewa da kayan ɗab'i fiye da duk abin da ake sayarwa a tire.

Ana jiƙa dutse da ruwa ko mai. Amfanin jiƙon shi ne ya ɗauke garin ƙarfen da ake gurzowa, don kada ya toshe idon dutsen ya mayar da shi santsi. Namu na gargajiya da ruwa ake yi. Na kanti wasu na ruwa ne, a tsoma su na 'yan mintoci har kumfa ta daina tasowa, wasu kuma na mai ne, kuma man keken ɗinki ko kananzir ya fi. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, baƙin man mota kuma datti ne zalla. Dutsen da ya taɓa shan mai ba ya komawa na ruwa. Wannan baƙin kunun da yake taruwa a kan dutsen ruwa yayin washi kada a yi saurin wanke shi, shi ne yake ƙarasa laushin baki.

Yadda Ake Washi

Kafin ƙarfe ya hau dutse, sai an duba dutsen. Yawan aiki yakan sa tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi, kuma lotsattsen dutse ba ya ba da miƙaƙƙen baki. Ana daidaita shi ta hanyar goga shi a kan wani dutsen, ko a kan daɓen siminti mai kyau da ɗan yashi da ruwa, har fuskar ta koma bai ɗaya. Ga gatari wannan ba dole ba ne, ga wuƙar ɗab'i kuwa wajibi ne.

Sai maganar kwanciyar baki, wato kusurwar da ɓangarorin biyu suke haɗuwa. Idan ta yi siriri ƙwarai, kaifi zai yi yawa amma bakin zai riƙa karyewa. Idan ta yi kauri, bakin zai jure amma sai an sha wuya kafin ya shiga. Aska tana wajen digiri 15 zuwa 17, kayan sassaƙar ɗab'i wajen 20 zuwa 25, cizal ɗin kafinta 25 zuwa 30, gatari kuma ya fi haka. Tsofaffin masassaƙa ba su san digiri ba, amma sun san cewa bakin da za a tunkari ƙirya ko marke da shi ba irin wanda za a fafe ƙwarya ko a gyara allon aduwa da shi ba ne. Wani dattijo da na daɗe ina zama a rumfarsa, Allah ya jiƙansa, idan ya ga yaronsa yana ɗaga hannu yana saukewa a kan dutse, abin da yake cewa kawai shi ne, “Kai yaro, kafe wuyan hannunka, kafaɗa ce take tafiya.” Duk ilimin kusurwa yana cikin wannan magana, domin abin da ake nema shi ne kwanciyar da aka fara da ita a ƙare da ita. Wanda hannunsa yake rawa zai sami baki mai ƙusumbi, yana ƙyalli amma ba ya yanka.

Akwai dabara mai sauƙi ga mai koyo. Ya shafa wa bakin baƙin tukunya ko tawada, ya goga sau biyu ko uku, ya duba. Inda baƙin ya goge nan ne dutse yake ci. Idan ta baya ne kawai ya goge, to bai kai ga kaifin ba, sai ya ɗan ɗaga. Idan kuma bakin-bakin ne kawai, ya ɗaga da yawa.

Wuƙar da ake bin layi da ita, musamman irin ta Japan, kaifi ɗaya ce, wato gefe ɗaya ne aka kwantar, ɗayan kuma a miƙe yake sak. Hikimar ita ce miƙaƙƙen gefen ya bi jikin layi ya bar shi tsaf, kwantaccen kuma ya ture abin da ake cirewa waje. Irin wannan wuƙa ana wasa kwantaccen gefen ne, shi kuwa bayan sai a shimfiɗa shi gaba ɗaya a kan dutse mafi laushi a ja shi kaɗan. Wanda ya ɗaga bayan ya yi masa nasa kaifin, ya mayar da ita wuƙar yanka albasa.

Alamar da take nuna cewa washi ya kai ita ce leɓe. Idan aka ci gaba da gurza gefe ɗaya har ya isa ƙarshe, wani siririn ƙarfe yakan tanƙwaso ta ɗaya gefen, ido ba ya cika ganin sa amma ɗan yatsa yana jin sa idan aka shafo daga baya zuwa baki. Sai an ji wannan leɓe daga farkon baki har ƙarshensa sannan a bar dutse mai kaushi a koma mai laushi, a rage nauyin hannu. A nan ne mutane da yawa suke yaudaruwa, domin leɓen da kansa yana da kaifi, zai aske gashin hannu, amma da ya shiga itace sau biyu sai ya lanƙwashe, mutum ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Cire shi ne aikin fata. Abin da wanzami yake yi ke nan idan yana kai aska yana kawowa a kan guntun fata ko tafin hannunsa: yana jan ta ne da baya, bakin yana bin sawu, har leɓen ya karye ya faɗi. Mai sassaƙar ɗab'i da ya ajiye fata a gefensa yana shafawa a kai a kai, zai iya wuni bai koma kan dutse ba.

Sauran kayan biyu sun fi wuya. Akwai cizal mai baki kamar indararo, wanda ake kwashe fili da shi. Shi ana mirgina shi ne a kan dutse daga wannan gefe zuwa wancan yayin da ake tafiya, don kowane sashe na bakin ya sami rabonsa daidai. In aka daɗe a tsakiya sai bakin ya zama kamar an ɓantare shi, in aka daɗe a gefe sai kunnuwansa su zube. Akwai kuma mai baki kamar lambar bakwai ta hisabin Larabci, wanda ake jan siririn layi da shi. Wannan shi ne gagara-koyo. Ana ɗaukar sa a matsayin cizal biyu da aka haɗa, a wasa kowane gefe daban, ana ƙirga gugar don kada ɗaya ya fi ɗaya. Bayan haka wani ɗan ƙugiya yakan fito a mahaɗarsu, saboda ƙarfen wurin ya fi kauri, sai an mirgina ƙasan a hankali kamar ƙaramin indararo kafin ya tafi. Leɓen waɗannan biyu ta ciki yake fitowa inda babban dutse ba ya shiga, don haka ana amfani da ɗan siririn ɓallin dutse, ko a ninka fata, ko a fiƙe guntun itace daidai da cikin bakin a ja shi a ciki.

Gwajin kaifi kuwa iri-iri ne. Wasu sukan ɗora bakin a kan farce: in ya kama, ya yi, in ya zame, da saura. Wanda na fi yarda da shi shi ne a juya bakin ya fuskanci rana a duba shi kai tsaye. Kaifi na gaskiya ba shi da faɗin da zai mayar da haske, saboda haka ba a ganin sa. Duk inda aka ga ɗan farin layi yana walƙiya, nan ne dakushewar take. Daga nan sai a gitta jijiyar itace mai taushi da shi. Idan wurin ya fito da santsi kamar an shafa mai, a fara aiki.

Injin Gurza da Abin da Yake Jawowa

Idan Babbar Salla ta gabato, layi ake yi a wurin masu wasa wuƙa da inji, kuma niyyar mai kyau ce, domin hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Ga babbar wuƙa inji yana rage wahala. Ga ƙananan kayan sassaƙa kuwa ɓarna ce, kuma ga dalili.

Ƙarfen da yake riƙe kaifi shi ne mai isasshen sinadarin kabon, kamar sifirin ɗin mota da yake da wajen kashi 0.6 cikin ɗari; rodin gini ba shi da isasshe, shi ya sa ko an wasa shi ba ya daɗewa. Maƙeri yakan gasa irin wannan ƙarfe har ya yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyos, ya tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri kamar gilashi, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don ya rage masa gautsi. Da launi yake gane inda zai tsaya: ruwan kara, wajen digiri 230, shi ne na kayan yanka, idan ya kai shuɗi, wajen digiri 300, ya yi taushin da bai dace da bakin sassaƙa ba. To, injin gurza na masu walda yana juyawa ne a bushe da gudu, bakin ƙaramar wuƙa kuma bai kai kaurin takarda ba, don haka cikin daƙiƙa kaɗan yake wuce wannan zafi. Duk wanda ya ga bakin wuƙarsa ya yi shuɗi bayan an ɗauke ta daga inji, to aikin maƙeri ya warware a wurin, kuma babu gyara sai an gurje duk inda ya ƙone. Dutsen hannu da ruwa ba ya taɓa kai ƙarfe ga wannan hali.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da suke tasowa a sana'a yanzu da yawansu inji suka sani. A makarantu kuma, kayan sassaƙar da ake sayowa masu cire baki ne, in ya dakushe a jefar a sa wani, in babu wani a rufe darasi. Na taɓa ganin akwati guda na irin waɗannan bakuna a ɗakin ajiyar wata makaranta an tara su a matsayin matattu, alhali babu abin da suke buƙata illa rabin sa'a a hannun wanzamin da yake aski a bakin ƙofar makarantar.

Ga masu tattara kayan tarihi kuma akwai abin lura. Ana karɓar ƙwarya da akushi da gizago a ajiye, a bar dutsen a gindin bishiya, alhali shi ma yana ɗauke da bayani. Faffaɗan lotsawa ta gatari ce da adda. Siririn kwari mai zurfi na basilla ne ko tsinken zane. Kwari mai zagaye na bakin indararo ne. Fuska mai santsi da sheƙi kuma ta aska ce. Wanda zai ɗauko irin wannan dutse ya rubuta garin da aka same shi, da sana'ar mai shi, da hannu nawa ya ratsa kafin ya zo gare shi, da inda aka ce an samo shi tun farko, da kuma ko da ruwa ake aiki da shi ko da mai. Kada a kankare shi ko a daidaita fuskarsa don ya yi kyan gani, kuma idan jiƙaƙƙe ne a bar shi ya bushe a inuwa, domin wasu duwatsun sukan tsage idan zafin rana ya busar da su da sauri.